Gawo Mai Rabin Ganye

Kumasi, 9 ga Janairu

Zuwa ga amaryata Iklima, jikar Yaya Gudiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da uwarki Hadiza da mutanen Maiyama gaba ɗai. Ni lahiya lau nike, in ban da kunne. Na hagu ya daɗe da aje aiki, na dama kuma yanzu zaɓen abin da zai ji shikai. Shi ya sa na bar waya. In ɗana Faruk ya ɗora mini ita ga kunne, ni ihu, mai kira ihu, kasuwar albasa duk ta ji sirrinmu, ni kaɗai ne ban ji ba. Takarda ta hi mini.

Ayuba direba, wanda ka kawo muna albasar Aliero, shi zai ba ki wagga takarda. Ya ce ya ga wani hoto ga bangon ohis ɗinki na jami'a mai tsawon tabarma, gari guda cikinsa, tun daga gabas har yamma. Ya ce ke kinka ɗinka shi da kwamfuta. Na ce ashe karatun da kinka ƙi ni dominsa ya yi rana.

To ga buƙatata. Ki tai Jiga Makera, ki tsaya bakin tsohuwar rijiya, ki ɗauko mini abin da ido ka gani. Ki hwaro daga rudun ajiyar albasar gidan Malam Yahaya, ki biyo ta gonata inda gawo yake, ki ƙare ga burtalin shanu. Kada ki turo ta wayar Faruk. Gona ba ta shiga waya. A buga shi babba.

Ba zan ɓoye miki dalili ba. Satin da ya wuce munka yi gardama da wani mutumin Dangamaji kan ko rijiyar na arewa da gawon ko kudu. Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na iske ban sani ba. Shekara ashirin da bakwai rabona da gida, amma ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba.

Ki gaida Yaya. Ki ce mata na san tana riƙe da gonar yadda ta saba, kuma in Allah ya so baɗi ina tahe.

Angonki tsoho,
Sahabi

Aliero, 18 ga Fabrairu

Kaka Sahabi, angon da ya tafi sayo lefe tun kafin a haife ni,

Na samu takardarka, da warin albasarta da komai. Muna lafiya. Mama tana gaishe ka, ta ce a yi wa kunne sannu. Na isar wa Inna Gudiya saƙonka na baɗi. Ta ce ta ji, kuma ta ajiye shi wurin da ta ajiye na bara da na bara waccan.

Ga hotonka nan cikin bututun roba. Na gaya wa Ayuba in ya ɗora masa buhu ko ɗaya, ni da shi ne. A Jega aka buga shi, wurin masu buga allunan talla. Mai shagon ya tambaye ni ko gonar takara za ta tsaya.

Tun da ka ce karatuna ya yi rana, bari in nuna maka ranar. Ba hoto ɗaya ba ne, goma sha huɗu ne. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a bakin rijiya, na ɗauka, na juya ta kaɗan, na sake ɗauka, har na kai burtali. Sharaɗin shi ne kowane hoto ya ɗauko kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Manhajar da ke ɗinkin ba ta san gona ba, ba ta san rijiya ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta duba hotuna biyu ta ce, wannan kututturen na gan shi a nan, na kuma gan shi a can, sai ta haɗa su a kansa. In babu abin da suka yi tarayya a kai, sai ta ce ba ta san su ba. Ka ga ba ta da bambanci da dangi.

Abin da ba ta so shi ne motsi. Ina cikin ɗauka Hamma ya ratso da shanunsa. Ka tuna Hamma? Ya ce kun yi dambe kuna yara kuma shi ya ci, na ce zan tambaya. Da ɗinki ya fito, sai ga Hamma har uku a fili ɗaya, kowanne da sandarsa, ga wata saniya mai ƙafa shida ba kai. Na nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Malama, in da gaske mu uku ne, da tuni na huta.” Na goge biyu na bar maka ɗaya. Saniyar kuma na yi mata kai.

Rijiyar tana kudu da gawo. In mutumin Dangamaji arewa ya ce, ka je ka rama.

Wasu abubuwa za su ba ka mamaki. Rudun gidan Malam Yahaya yanzu biyar ne, kuma jikokinsa sun yi wa ɗaya rufin kwano, abin da kowane tsoho a garin ya yi musu faɗa a kai. Baƙaƙen allunan da za ka gani a tsaye ba na makaranta ba ne, na hasken rana ne, su ke jawo ruwa. Ba wanda ke jan guga yanzu sai mai son motsa jiki.

Gonarka tana tsakiya, kore shar. Ɗigon shuɗin nan da ke tsaye cikin albasa, hannu a ƙugu, Inna Gudiya ce, tana yi wa ’yan ƙodago bayanin cewa ba su iya komai ba. Lafiyarta kuwa? Bakinta yana nan yadda ka bar shi.

Ka rataye shi inda rana ba ta bugu, kalar ba ta da haƙuri.

Amaryarka mai jiran lefe,
Iklima

Kumasi, 11 ga Maris

Iklima,

Ina gaida ki. Lahiyata ƙalau.

Hoto ya iso ba ƙwarzane. Munka warware shi ni da Faruk, ya riƙe baki guda na riƙe guda, ’yan kasuwa sunka taru. Na nuna musu rijiya, na nuna musu rudu, na nuna musu Hamma, wanda ƙarya shikai, ni na kada shi. Sai idona ya kai ga gawo, na ce Faruk ya naɗe.

Ke ɗiyar boko ce, bari in koya miki abin da ba a koya miki ba. Gawo ba kamar sauran itace ba ne. Da rani shika yin ganye, sa’ad da kowa ya bushe. Damina na sauka shi zubar, shi tsaya tsirara har kaka. Don haka manomi ka son shi cikin gona, ba shi tare wa shuka rana. Gawon da kinka aiko mini, ɓangarensa na hagu cike da ganye, na dama ƙaya zalla. Rabi rani, rabi damina. Shekarata saba’in da huɗu, ban taɓa ganin Allah ya yi haka ba. Mutum ka yin haka.

Na sake dubawa da tabarau. Albasar maƙwabta ta kwantar da wuya, saura kaɗan a cire. Tawa tana tsaye, ɗanya, ta damina. Ashe gonar da ke tsakiyar hoton ba ta bana ba ce. Tsohon hoto kinka manna mini.

Na kwana biyu ina tambayar kaina mi ke wurin da ba a son in gani. Ba ni da nisa da labari. Na san tun da jami'a ta zo, ana saye gonaki ana gina ɗakunan haya da gidajen mai. An sayar. Yaya ta sayar da gonar Baba, ku kuma kun taru kun yi mini hoto kamar yaron da za a ba magani.

Ban ce ba ta da haƙƙi ba. Ita ta sha ranar wurin, ni ina nan. Da ta aiko ta ce, “Sahabi, na gaji,” wallahi da hannuna zan sa mata a takarda. Amma a tsayar da ita cikin gonar da ba tamu ba, hannu ga ƙugu, a aiko mini in rataye?

Ki ce mata baɗin da nika cewa na janye shi. Ba ni da abin da zan zo gani. Hoton yana cikin bututunsa, in Ayuba ya samu wuri zan maido miki.

Sahabi

Maiyama, 6 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan fushin bai taɓa lafiyarka ba. Ka lura daga Maiyama nake rubutu, ba daga Aliero ba. Za ka ga dalili.

Ka kama ni. Kwana huɗu na yi a kan wannan ƙaryar. Na ɗauko hotuna uku da na yi a watan Satumba, na cire uku na Fabrairu, na sa su a gurbinsu. Sararin damina akwai gajimare, na share shi na shimfiɗa na rani. Ƙasar damina ta fi duhu, na haska ta. Har inuwa na auna, na tabbata duk gefe ɗaya suka faɗi. Na nuna wa abokan aikina biyu, masu digiri bakwai in an haɗa, suka ce ba su ga ɗinki ba. Manhajar ma ta yarda, don kututturen gawon bai canja ba, a kansa ta haɗa. Ni kuma na ga rabin bishiyar ba ganye na ce a raina, tsufa ne, kowa da nasa.

Ba a sayar da gonarka ba. Ko taki ɗaya.

Na kawo takardarka nan gidan Mama na karanta wa Inna Gudiya, ban tsallake layi ba. Na zaci za ta yi kuka a wurin da ka ce ta sayar. Ba ta ko motsa ba. Da na zo kan gawo sai ta fara dariya, har Mama ta shigo da gudu da ludayi a hannu.

“Ke Iklima,” in ji ta, “duk shekarun nan da anka yi ana kai ki makaranta, ba ki san gawo ba?”

Na ce ba ya cikin manhajar karatu.

“Sake karanta mini wurin.”

Na sake.

“Ashe bai mance ba,” ta ce. “Rijiya ta ɓace mishi, amma gawo na nan. To da sauransa.” Sai kuma ta haɗe rai. “Ni zan sai da gonar Baba? Ki rubuta mishi ki ce kunnensa ne ya mutu ko hankalinsa?”

Na rubuta, ka gani.

Yanzu ga inda nake tsaka mai wuya. Tun watan Nuwamba ta sa ni na yi mata alkawari ba zan gaya maka abin da ya same ta ba, kuma jiya ta sake tuna mini. Ni mai cika alkawari ce. Saboda haka ba zan rubuta maka cewa ran da aka gama kwashe albasar damina ta faɗi a gindin gawon nan ba. Ba zan rubuta cewa hannunta na dama da ƙafarta sun daina jin maganarta ba, ko cewa ta yi sati uku a asibiti, daga can Mama ta wuce da ita nan. Ba kuma zan rubuta cewa maƙwabta uku sun nemi aron gonar su yi albasar rani ta ce gonar Sahabi ba ta zuwa aro, gara ta huta. Duk wannan ba daga bakina ka ji ba.

Na tambaye ta dalilin ɓoyewar, don ni ma abin ya ishe ni. Ta ce, “In ya zo don ina kwance, gaisuwar mutuwa ya zo yi da wuri. Ni so nike ya zo don ya ga dama.” Na ce shekara ashirin da bakwai bai ga damar ba. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Ita alkawarin shiru kawai ta sa ni. Hoton ƙarya dabarata ce, ba ta san da shi ba sai da takardarka ta zo. In kana neman wanda za ka yi fushi da shi, ga ni. Kuma tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ba don kai kaɗai na yi ba. Hoton Satumban nan shi ne na ƙarshe da nake da shi tana tsaye da ƙafafunta. Na so a ce akwai bango ɗaya a duniya inda har yanzu haka take.

Ga na gaskiyar nan a bututu na biyu, hotunan Fabrairu goma sha huɗu cif, ban taɓa komai ba. Hamma uku ne, saniya ba kai. Gawo cike da ganye. A ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa ce da ciyawa, tsakanin koraye biyu, kamar haƙorin da ya fita.

Likita ya ce tana iya samun sauƙi, tana kuma iya sake faɗuwa, kuma ba ya ba da rana. Ban ce ka zo ba. An hana ni.

Iklima

Aliero, 21 ga Mayu

Kaka,

Gaisuwa. Muna nan. Zafi ya kai inda kwamfutata ke kashe kanta da azahar, abin da ni ma da zan iya da na yi.

Sati shida ke nan. Ayuba ya je ya dawo sau biyu, kowane zuwa in tare shi a tasha, ya buɗe mini tafin hannu. Ya ce ya ba ka bututun da takardar hannu da hannu. Na kira Faruk, ya ce lafiyarka lau, kana cin abinci, ka rataye hoton a rumfa kana zama gabansa, in mai saye ya zo sai an taɓa ka. Na ce wanne daga ciki ka rataye? Ya ce mai saniyar nan marar kai.

Ban san yadda zan karanta shirunka ba. Na saba da hotuna, su ko ba su yi magana ba ana iya ƙara musu haske a ga abin da ke ciki.

Inna tana iya riƙe kofi yanzu, in ba a cika shi ba. Ba ta tambayar ka. Abin da take yi shi ne, duk ranar da na je Maiyama sai ta ce, “Motocin albasa har yanzu suna tahiya?” In ce suna tafiya, amma kaya sun kusa ƙarewa. Sai ta ce ita dai tambaya ta yi.

Ayuba ya ce lodinsa na ƙarshe farkon Yuni ne, daga nan sai wata shekara. Ni ma faɗa kawai na yi.

Iklima

Kumasi, 3 ga Yuni

Amaryata,

Ina gaida ki, ina gaida Hadiza, Allah shi saka mata. Lahiyata lau.

Ki yi haƙuri da shiruna. Ba hushi ba ne. Takarda huɗu na hwara na yage. Mutumin da ya ce wa yayarsa ta sai da gonar ubansu, alhali tana kwance ta hana a taɓa mishi ita, da wane harahi zai buɗe takarda? Na nemi kalmar ban samu ba. Na ga abin ba na alƙalami ba ne.

Kullum ina duban wurin nan da ba shuka. Kin ce kamar haƙori. Ni abin da na gani, akwai dutse ga gindin gawo, mai faɗi, inda Baba ka zama shi ci tuwo, daga baya Yaya ta gaje shi. Ga hotonki na farko ban lura da shi ba, albasa ta ɗauke mini ido. Ga wanga kuwa ba komi sai shi. Ba kowa bisansa.

Kin iya ƙarya, amma gaskiyarki ta hi kyau. Kada ki sake goge Hamma.

Na bar wa Faruk rumfa. Ayuba ya ce in zan iya zaman gaban mota kwana huɗu, shi ba shi da matsala, tun da ba ni jin surutunsa. Za mu shigo ta Kamba. Kada ki ce wa Yaya na zo don ita. Ki ce mata damina ta kusa, kuma na ji an bar mini gona ba shuka, na zo in ga wanda ya yi wanga sakaci.

Lehenki kuma, na saya miki atamfa guda. Ki rage baki.

Angonki,
Sahabi

Aliero, 14 ga Yuli

Kaka Sahabi, a gidan Mama, Maiyama,

Ina gaishe ku kai da Inna. Abin dariya ne a ce tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce tsakaninmu kuma har yanzu takarda nake rubuta maka, amma na gwada yi maka magana ranar Asabar, unguwa duk ta ji, kai ka ce “Amin.”

Mama ta ce tun da ka zo ba ta samu barcin rana ba. Kai ba ka ji, ita Inna harshenta bai gama warwarewa ba, amma kuna wuni kuna gardama a kan wanda ya bar akuya ta ci irin albasa a shekarar da ba wanda ya tuna. Ta kuma ba ni labarin isowarka, tun da ni ina aji. Ta ce ka durƙusa a bakin ƙofa ka kasa shiga, Inna ta dube ka ta ce, “Wanga tsoho fa? Ni yaro na aika Kumasi.” Sannan ta miƙo maka hannun da likita ya ce a yi haƙuri da shi. Bai kai rabin hanya ba, kai ka ƙarasa. Mama ta ce daga nan ta ja labule, don haka ban san ko ka samu kalmar da kake nema ba. Ba kuma na tambaya.

Ga hoton ranar Asabar. Ka san wahalar da aka sha kafin a sa Inna a mota zuwa Jiga Makera, da wadda aka sha kafin ta yarda a ɗauke ta a kujera har gindin gawo, tana cewa ita ba buhu ba ce. Na ce muku abu ɗaya kawai nake roƙo, kowa ya tsaya inda yake na minti biyu. Inna ta zauna a kan dutsenta ba ta ko ƙifta ba. Kai kuwa, ina hoto na shida kana tsaye a bayanta, hannunka a kafaɗarta. Kafin in kai na tara ka hango ’yan ƙodago sun karkata kunyar shuka, ka tafi gyara musu.

Sakamakon shi ne kai biyu ne. Ɗaya a gindin gawo tare da yayarsa, ɗaya can gefen gona, ya juya baya, ya nufi hanya.

Gyaran minti biyar ne. Amma an ce kada in sake goge mutum, don haka shekaranjiya na biya na nuna wa Inna a kwamfuta, lokacin kana masallaci. Na ce wanne zan cire? Ta sa na ƙara girmansa, ta dubi wannan, ta dubi wancan.

“Bar su,” ta ce. “In Kumasi ta matsa, a ba ta wancan mai bayan. Ni a bar mini wanga.”

Ta faɗe shi kamar wasa. Amma da na rufe kwamfutar ta riƙe mini gefen mayafi ta ce, “Ya ce miki yaushe zai koma?” Na ce ban sani ba. Ka ga wannan karon ban ƙara komai ba, ban rage ba. Ta ji Faruk ya kira Mama sau biyu, kuma ta san Ayuba ya samu lodin wake zai bi ta Kumasi ranar Laraba. Kai ba za ta tambaye ka ba, ko za a shekara.

Ka duba gawon da kyau kafin ka rataye. Ba ganye ko ɗaya, hagu da dama. Na bincika sau uku.

Atamfar ta yi kyau. Guda ɗaya dai ba lefe ba ce.

Amaryarka,
Iklima

Maiyama, 18 ga Yuli

Iklima,

Muna lahiya. Yaya ta taka uku jiya, tana dafe da ni, tana zagina ina saurin tahiya.

Hoto ya yi. Gawo daidai. Kunyoyin ne dai har yanzu a karkace, amma wannan ba laihinki ba ne.

Mun rataye shi ɗakinta, inda take gani daga gado. Na nuna mata mai bayan nan na ce shi ya bi Ayuba jiya Laraba, na ba shi saƙo ga Faruk.

Watan gobe za mu dasa albasar damina. Ki zo da kyamararki. Zan tsaya wuri guda.

Sahabi